Goro, shayi da mai juna biyu: amsa ga 'yar'uwa daga Mabera

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Mabera, nan cikin Sakkwato, shekarata 23, ina ɗauke da ciki wata huɗu. Bara na yi ɓari a wata na uku, shi ne cikina na fari. Tun ina yarinya a hannun kakata na saba da goro, kuma a wannan cikin in ban ci shi ba miyau ke cika mani baki, zuciyata ta yi ta tashi. Nakan ci biyu a wuni, wata rana uku. Da safe ina shan shayi da cokalin Nescafé a ciki, da rana in zafi ya tsananta in sha Coke mai sanyi, da dare kuma maigida na dafa shayin buta irin na Buzaye in sha tare da shi. Da na je awo, malamar asibiti ta ce masu ciki su rage kofi. Da na gaya wa yayata sai ta ce ai goro ne ya zubar mani da cikin bara. Na tsorata na bar komai lokaci guda, sai ciwon kai ya kama ni kamar kaina zai tsage, har na aika kemis aka sayo mani garin ciwon kai na ƙulli ina sha. Surukata kuwa cewa ta yi haihuwa tara ta yi da goro a bakinta, in daina wahalar da kaina. Don Allah Anti, ni ce na jawo wa kaina ɓarin nan? Kuma maganar wa zan bi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari. Allah Ya sa wanda ya tafi mai ceto ne, Ya kuma raba ki da wannan lafiya.

Zan fara da abin da ba ki tambaya ba, domin shi ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Garin nan na ƙulli, ki ajiye shi yau, kada ki ƙara shan ko ɗaya. Yawancin irin wannan garin da ake sayarwa a kemis da teburan bakin hanya, kamar Alabukun, haɗin aspirin ne mai yawa da kafeyin, wato sinadarin nan da ke cikin goro da kofi da shayi mai hana barci. Abin da kika gudu a goro ke nan kika koma kina kaɗawa a ruwa kina sha, ga kuma aspirin a kai, wanda yawansa kan sa mai ciki zubar da jini, kuma in ciki ya yi nisa yana iya taɓa ƙodar jariri da hanyar jinin zuciyarsa. Akwai ɗan ƙaramin aspirin da likita kan rubuta wa wasu masu ciki don kare su daga hawan jini. Wannan daban ne, da awonsa da dalilinsa, kuma likita ne kaɗai ke sa shi. Ki kula da Panadol Extra ma, kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 65 na kafeyin, biyu sun zama 130. Cafergot kuwa, da wasu ke saye saboda ciwon ɓarin kai, kada mai ciki ta kusance shi, domin maganin da ke ciki yana matse mahaifa da jijiyoyin jini. Farasitamol zalla shi ne aka saba ba masu ciki, shi ma in buƙata ta taso, ba a mai da shi abin kullum ba.

Ciwon kan naki, alamu sun nuna na yankewa ne. Jikin da ya saba da kafeyin shekara da shekaru, in aka ɗauke masa shi dare ɗaya, jijiyoyin jinin kai da ya saba tsukewa sai su buɗe, kai ya ɗauki sara, ga kasala, ga saurin fushi. Yakan fara cikin awa 12 zuwa 24 da bari, ya yi tsanani a kwana na biyu, sannan ya lafa, da wuya ya wuce kwana tara. Duk da haka ban yarda ki zauna a gida kina cewa na goro ne ba. Maleriya na kawo ciwon kai, ƙarancin jini na kawo shi, ƙarancin ruwa a jiki na kawo shi, balle a garinmu da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu. Kuma kina dab da mako na 20, daga inda hawan jinin masu ciki ke fara bayyana, wanda in aka yi sake yakan kai ga jijjiga. Ki je a auna jininki, a duba fitsari, a gwada maleriya. In kuwa ciwon kan ya zo da ganin dishi-dishi ko walƙiya a ido, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada ki jira ranar awo ko wayewar gari. Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ko Asibitin Ƙwararru, ko na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, duk wanda ya fi kusa da ke a lokacin, can za ki nufa.

Sai maganar ɓari. Babu likitan da zai dubi cikinki na bara ya ce goro ne ya zubar da shi, balle yayarki. A cikin kowane ciki 100 da aka san da shigarsa, tsakanin 10 zuwa 20 kan zube, mafi yawa a watanni ukun farko, ga mai cin goro da wadda ba ta taɓa ɗanɗana shi ba. Kusan rabin irin wannan ɓari na farkon ciki daga ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne, wani kuskure da ke aukuwa tun ranar da ƙwan mace ya haɗu da na namiji. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba aikin da ta yi ba ne, kuma babu abin da za ta iya yi ta hana. Gaskiya ne bincike ya nuna cewa matan da ke shan kafeyin da yawa sun fi yin ɓari a kan masu shan kaɗan, amma masu binciken kansu suna taka-tsantsan wajen fassara wannan. Cikin da ya zauna da ƙarfi yakan zo da laulayi mai tsanani, mace ta ji ko warin kofi ba ta so, ta bar shi da kanta. Wadda cikinta ke da rauni tun asali kuwa sau da yawa laulayinta kaɗan ne, sai ta ci gaba da shan abinta. In aka zo lissafi sai a ga kamar kofin ne ya zubar da cikin, alhali wani lokaci raunin cikin ne ya bar ta tana sha. Saboda haka ki sauke wannan nauyin daga zuciyarki. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya a ciki na gaba, ke kuma ga shi kin riga kin wuce watannin da aka fi jin tsoro.

Amma ba zan ce ki koma yadda kike a da ba, domin abin da kike sha ya yi yawa, kuma malamar awo ta yi gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin kula da masu ciki da ta fitar a 2016, ta ce duk mai cikin da ke shan fiye da miligiram 300 na kafeyin a rana ta rage, don rage haɗarin ɓari da haihuwar jariri marar nauyi, wato wanda bai kai kilo biyu da rabi ba. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka da hukumar lafiya ta Ingila sun fi tsanantawa, sun tsaya a kan 200. Akwai ma masu binciken da ke ganin barin shi gaba ɗaya ya fi, ko da yake yawancin hukumomin lafiya ba su kai nan ba. Ni 200 ɗin nake ba ki shawara ki riƙe a matsayin iyaka, in kin yi ƙasa da haka ya fi.

Dalilin da ya sa aka matsa wa mai ciki shi ne jikinta ba ya fitar da kafeyin da sauri kamar da. Mace marar ciki in ta sha kofi, cikin awa biyar ko kusa da haka hantarta ta narkar da rabinsa. Da ciki ya shiga sai aikin ya riƙa raguwa, har a watanni ukun ƙarshe ya ninka haka sau biyu ko uku. Goron da kika ci da hantsi yana nan a jininki lokacin da maigida ke miƙo miki kofin shayi bayan isha'i, na daren kuma yana nan in gari ya waye, kamar randar da ake ƙara wa ruwa ba a kwashe na jiya ba. Sannan kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri kai tsaye, shi kuwa hantarsa ba ta riga ta iya narkar da shi ba, sai ya jira jikinki ya kwashe masa.

Bari mu ƙirga wuninki yadda kika zayyana shi. Babban kofin shayi irin na Lipton yana da kimanin miligiram 75. Kofin Nescafé cikakke kimanin 100 ne, to ko cokali ɗaya kika zuba a shayin, kin riga kin haura 100 tun ba ki gama karin kumallo ba. Coke yana da kusan miligiram 10 a kowane mililita 100, ƙaramar kwalba 35 ke nan, babbar roba 50. Tun kafin a zo kan goro da shayin dare kin kusa cinye kasonki na rana.

Goro shi ne babban abin da ke ɓoye a lissafin matan ƙasarmu. Ƙa'idojin nan an rubuta su ne a ƙasashen da kofi ne abin shansu, shi ya sa a wurin awo za ki ji ana cewa kofi, kofi, mace kuma ta ce ai ni ba na shan kofi, alhali ga goro ƙulle a bakin mayafinta. Busasshen goro kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kafeyin ne, wani ma ya fi haka. Matsakaicin goro guda na iya kamo kofin kofi ɗaya ko ya wuce shi, goriya kuwa ta fi. Fari da ja duk suna da kafeyin mai yawa, kada a ruɗe ki da cewa fari ya fi sauƙi. Goro biyu ko uku a wuni su kaɗai sun kai ki iyaka ko sun tsallake da ke, ko da ba ki sha komai ba.

Shayin buta kuma ba ya aunuwa, domin kowa da hannunsa. Koren ganyen shayi ne na ƙasar Sin, ana zuba shi da yawa a 'yar ƙaramar buta, a bar shi kan gawayi ya yi ta tafasa har ya yi duhu, a yi ta juya shi tsakanin kofuna har kumfa ta tashi. Kofin ƙarami ne, amma dahuwar farko mai ɗacin nan ita ke kwashe mafi yawan kafeyin ɗin ganyen. Ta biyu ta fi sauƙi, ta uku kusan zaƙi ne da ƙamshi. In aka haɗa duka, wuninki na da yana haura 400 cikin sauƙi, ninki biyu na abin da ya kamata.

Ba ki faɗi kwana nawa ke nan da kika bari ba. In kin kai mako guda, kin riga kin ci ƙarfin wahalar, babu dalilin komawa. In kuwa kwana biyu ne ko uku kuma ciwon kan ya hana ki sukuni, ki sha kofin shayi ɗaya marar kauri da safe, a tsoma ganyen a cire da wuri, ko ki gutsuri kwatan goro. Hakan zai sassauta miki, daga nan ki riƙa ragewa sannu a hankali. Nescafé ki bar shi har ki haihu, domin shi ne mafi sauƙin bari a cikin jerin. Lemukan ƙara kuzari irin su Fearless da Predator da Red Bull kada ki fara, ƙaramin gwangwanin Red Bull kaɗai miligiram 80 ne. Coke in ya zama dole, ƙarama ɗaya jefi-jefi. Fanta da Sprite da Maltina ba su da kafeyin amma sukarinsu yana da yawa, ruwan randa mai sanyi ya fi miki su duka, kuma a wannan zafin ki riƙa sha tun ƙishi bai kama ki ba. Milo da Bournvita ɗan kafeyin ɗin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai, ba abin damuwa ba ne. In kin zaɓi ki riƙe goro, to shi kaɗai: rabin matsakaici a wuni, ki raba shi gutsure-gutsure, kafin azahar, kuma ranar ba shayi mai kauri.

Na san ba don marmari kike cin goron ba, miyau da tashin zuciya ne suka dame ki, kuma wanda bai taɓa yawo da gwangwanin tofi ba ba zai gane wannan wahalar ba. Ɗacin goro yana ɗaure baki na ɗan lokaci, shi ya sa kike jin sauƙi. Sai dai cin shi da yunwa yana ƙara tsamin ciki ya tayar da ƙwannafi, ya kuma hana ki jin yunwa a lokacin da jikinki ya fi buƙatar abinci. Citta tana cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su don rage tashin zuciyar masu ciki, haka ma bitamin B6 da za a iya rubuta miki a asibiti. Ki daka 'yar ɗanyar citta ki jiƙa a ruwan zafi da matsin lemun tsami. Kada ki bar cikinki wayam, ki riƙa cin kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki ajiye biskit ko busasshen burodi kusa da shimfiɗa ki ci kafin ki miƙe da asuba. Tsotsar tsamiya ko yankan lemun tsami, ko tauna cingam, ko yawan yin asuwaki, duk suna taimaka wa wasu matan da miyau. In amai ya kai ko ruwa ba ya zama, wannan na asibiti ne.

Akwai wata illa ta shayi da goro da ba ta shafi kafeyin ba, kuma a ganina ta fi kusa da matanmu. Abin da ke sa su ɗaure baki yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci da maganin ƙarin jini, ya hana hanji tsotse shi yadda ya kamata. Mata da yawa da shayin safe suke haɗiye jajayen ƙwayoyin da aka ba su a awo, ko su kora tuwo da goro nan take, daga baya a auna a ce jininsu bai hau ba. Mai ciki kuwa da ƙarancin jini, in jini ya ɓalle mata wurin haihuwa, ba ta da abin da za ta jure da shi. Ki sha maganinki da ruwa zalla ko da lemun zaƙi, ki bar aƙalla awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da shayi ko goro, haka ma tsakanin abinci da su. Wake, zogale, alayyahu, nama da kifi su yawaita a kwanonki gwargwadon hali.

Game da Inna surukarki, ba ƙarya ta yi ba. Ta haifi tara da goro a baki, Allah Ya raya mata. Amma abin da ya faru da mace ɗaya ba ya zama awo ga kowa, kuma mai yiwuwa goron kaɗai take ci, ba ta ɗora masa Nescafé da Coke da garin kemis ba. Iyayenmu da yawa goro ɗaya suke fasawa su naɗe a ɗan tsumma mai laima, su wuni suna gutsura, su raba da duk wanda ya shigo. Kada ki tsaya musu da ita, ba girmanki ba ne kuma ba zai kai ki ko'ina ba. In ta miƙo miki goro ki karɓa hannu bibbiyu ki yi godiya, ki ce, "Inna, malamar awo ta ce in rage saboda jinina, zan ajiye in riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan." Da wuya uwar da ke jiran jika ta ja da wannan. In ta ci gaba da matsawa, ɗanta ne ya kamata ya yi mata bayani, ba ke ba. Yayarki kuma ki same ta ku biyu ki gaya mata cewa maganarta ta hana ki barci. Na tabbata tsoro ne ya sa ta faɗa, amma ya kamata ta san ba haka abin yake ba, kada ta maimaita wa wata.

Zaman shayin dare da maigida kada ki fasa shi, domin mai ciki na buƙatar wannan hirar. Ki roƙe shi ya ɗora miki taki butar a gefen gawayin, citta da na'ana'a kawai ba ganyen shayi, ko kuma ya bar miki dahuwa ta uku, kofi ɗaya. In da hali ya raka ki awo na gaba ya ji da kunnensa. Ki tafi da takardar garin da kika sha ki nuna wa malamar, ki faɗa mata kwana nawa kika yi kina sha, sannan ki lissafa mata goron da shayin butar da bakinki, ko da kofi kaɗai ta tambaye ki.